Gurbin Auta

Litinin, da azahar

Mai kantin maganin da nake wa aiki ya ba ni hutun kwana biyu, da irin muryar da ke nufin kada in kuskura ya zama uku. Na je jami'a. Ni da ban taɓa ganin cikinta ba sai ta tagar mota, yau ga ni da jakar leda a hammata, takardun Auta a ciki. Shi mai takardun yana gida kwance, fuska ga bango, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

Zan riƙa rubuta abin da ake gaya mini a can don kada in manta, maganarsu ba irin tamu ba ce. Abu na farko: takardar nan da muka yi ta murna a kanta, wadda Umma ta sa aka yi wa leda aka jingina a kan talabijin, ashe ba karatu ba ce tukuna. Gurbi ne na wucin gadi. Wata mata a taga ta uku a ofishin rajista, mai tabarau a karan hanci, ta ce mini, "Baiwar Allah, wannan alkawari ne kawai. Sai an tantance shi, ya yi rajista, sannan ya zama ɗalibinmu."

Na ce ni yayarsa ce, na zo in yi masa. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce akwai abin da zan iya yi masa, akwai kuma abin da sai shi da kansa: ɗaukar hoto da dangwala yatsa a na'ura. Ana rufewa ranar Juma'ar ƙarshen wata. Wanda bai zo ba, gurbinsa ya tafi, sai ya sake jarrabawa baɗi.

Ta tambaya ko ba shi da lafiya ne. Na ce e, na tattara takarduna.

Litinin, bayan magariba

Na tsaya a ƙofar ɗakinsa na faɗa masa duk abin da aka ce. Ƙafarsa kaɗai ta motsa.

Talata, da la'asar

Tantancewa. Na ɗauka wani babban abu ne, ashe tsayuwa ce a rana. Layi ya taso daga bakin ofis, ya zagaye bishiya, ya koma bayan gini, kowa da fayil rungume a ƙirji. A ciki mutum uku ne a tebur suna duba takardun asali, suna ɗaga su ga haske kamar masu sayen atamfa. Sakamakon sakandare, takardar haihuwa, hotuna masu farin baya. Na Auta jan baya gare su, aka ce in sake. Ta ina zan sake hoton mutumin da ko labulen tagarsa ba ya ɗagawa? Na kai wa mai hoto a bakin ƙofar makaranta, ya gyara bayan da kwamfuta, yana cewa, "Anti, ɗanki ne? Akwai fara'a." Hoton na tun kafin abin ya faru ne.

Wata yarinya a layi, mai bakin kirki, ta koya mini bambancin tsangaya da sashe. Tsangaya ita ce gidan, sashe ɗaki ne a cikinsa. Auta yana tsangayar injiniya, sashen lantarki. Ta ce in je allon sashen in tabbatar sunansa na nan. Na je, yana nan. Ƙasa da shi kaɗan ga na Rediyo.

Rediyo ɗan Inna ne, ta gidan da ke kallon namu a ƙetaren titi. Unguwa ce ta sa masa sunan don bakinsa ba ya hutawa. Tun suna rarrafe suke tare da Auta: makaranta ɗaya, bulala ɗaya, sashe ɗaya suka nema, rana ɗaya sunansu ya fito. Asabar ɗin da ta biyo baya suka fita su biyu yin murna a bakin ruwa. Auta ne ya dawo.

An naɗe tabarmin zaman makoki na ƙofar gidan Inna tun makon jiya, amma ba wanda ya gaya wa allo. Na tsaya a wurin har wani yaro ya ce, "Anti, in kin gani ki matsa mana."

Laraba, a kanti

Wata mata ta zo sayen maganin ciwon kai. Ta sunkuyo ta kan kanta, ta rage murya, ta ce, "Wai da gaske naku ne ya ce su je?" Na miƙa mata maganinta na ce biyu da safe, biyu da dare. Allah ya sa ya yi mata aiki, don ni ta bar mini nata ciwon kan.

Ban sani ba. Ban tambaye shi ba. Ba zan tambaye shi ba.

Alhamis, da safe

Umma ta ɗaure wa bakin famfo tsumma don kada ruwa ya yi ƙara a bokiti. Ba ya son jin ƙarar. Wanka kuwa sai dai ta jiƙa tawul ta ajiye masa a bakin ƙofa, da ƙafar nan tata da ba ta son tsayuwa.

Asabar, da yamma

Kawu ya zo da babbar riga da babbar murya. Ko zama bai yi ba ya nufi ɗakin. "Kai kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa? Tashi ka zauna ina magana. Yara dubbai na neman abin da kake wasa da shi. Namiji ne kai ko me?"

Kawu ne ya fara furta kalmar a cikin gidan nan. Mu duk kewaye ta muke yi.

Da ya gama, muka ji Auta ya tashi. Na ce ko an dace. Sai muka ji ƙarar sakata. Umma ta ba Kawu ruwa ya sha, ta raka shi har ƙofa tana masa godiya, ta dawo ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi. Ɗan abincin da yake taɓawa ma yau bai taɓa ba. Ina son Kawu, shi ya riƙe mu bayan Baba, amma yau da ya ƙara minti ɗaya da na yi abin da za a daɗe ana ba da labari a dangi.

Litinin, da azahar

Na yi musaya da abokiyar aikina, na koma aikin yamma, safiya ta zama ta jami'a.

Yau aka fara makon wayar da kan sababbin ɗalibai. Babban zaure, fankoki rabinsu na aiki, yara cike har kan tagogi, kowa da sabon takalmi. Wani gajeren malami ya hau dandamali ya ce iyaye da 'yan rakiya su fita, daga yau yaran nan manya ne. Iyaye suka fita suna dariya. Ni na nutse a kujera na ja mayafi, na zama sabuwar ɗaliba mai shekara talatin da 'yan kai.

Ga abin da na kwaso. Shekarar karatu zango biyu ce, su suna ce wa zango samista. Kowane darasi sunansa kwas, kuma kowane kwas da nauyinsa, shi ne yunit. Mai yunit uku in ka ci shi ya ɗaga ka, in ka faɗi ya ja ka ƙasa fiye da mai yunit ɗaya. Akwai kwas na dole, akwai na zaɓi. Duk makin da ka samu ana tarawa a raba, abin da ya fito shi ne GP, shi ne kuma ke bin ka har ka fita. Wanda ya faɗi kwas na dole ba a yafe masa, sai ya ɗauke shi zuwa shekara mai zuwa, ya zauna da ƙannensa ya sake. Sunan wannan kariyoba. Da malamin ya faɗa, zaure ya ɗauki dariya, har da masu cewa Allah ya kiyaye.

Na yi ta kallon keyar yaran. Akwai wasu biyu a gabana, ɗaya na ta zuba surutu a kunnen ɗayan, ɗayan na ture shi da gwiwar hannu. Na daina kallon su, na koma rubutu.

Litinin, bayan isha

Na jawo kujera 'yar tsuguno ƙofar ɗakinsa na karanta masa komai, tun daga samista har kariyoba. Na ce, "Ka ga yayarka ta kusa zama injiniya, saura ka ba ni lambar ɗalibinka kawai." Umma ce ta yi 'yar dariya daga ɗakinta don kada wasan ya faɗi ƙasa.

Talata, bayan isha

Na karanta masa.

Laraba, bayan isha

Na karanta masa. Yau kan rajistar kwas ne, da malamin da ake ba kowane aji ya sa hannu a kan kwasa-kwasan da ɗalibi ya zaɓa, da 'yan kwanakin da ake bayarwa a ƙara kwas ko a sauke. Ina cikin bayani na ji muryarsa. Ta dishe kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi.

"Yaya."

"Na'am, Auta."

"Ɗakin kwana. Ɗaki ɗaya muka cike, ni da shi."

Na ce to. Na jira ko akwai saura. Babu. Na shiga kicin na kama wanke tukunyar da Umma ta riga ta wanke.

Alhamis, da hantsi

Yarinyar nan mai bakin kirki ta gan ni a bakin zaure, ta ce, "Anti, in ba shi da lafiya me ya sa ba za ku yi difa ba?" Wai ana jinkirta karatu, a ajiye wa mutum gurbinsa shekara guda har ya samu sauƙi. Ban san sa'ar da na isa taga ta uku ba, saura kaɗan in zubar da takalmi a hanya.

Matar ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Ana yi. Amma ɗalibi ne ke yin difa. Ƙaninki ba ɗalibi ba ne tukuna. Sai ya zo ya yi hoto, ya dangwala, an ba shi lamba, sannan ya rubuta yana neman a jinkirta masa."

Na ce, "Hajiya, wanda zai iya zuwa ya yi rajista me zai yi da difa? Ai wanda ya kasa zuwa shi ke da bukata."

Ta ce, "Na sha faɗin haka a mitin."

Na fito na zauna a gindin bishiya. Na ji haushinta, na ji haushin mitin ɗinsu, na ji haushin yarinyar da ta ɗora ni a kan murna. Daga baya na ga ba wanda ya yi mini laifi a cikinsu, kuma wannan ya fi komai ciwo, don ban samu wanda zan zaga ba. Da dare na karanta masa har da maganar difa.

Juma'a, da safe

Saura mako guda.

Lahadi, da la'asar

Inna ta aiko a kira ni. Rabona da shiga gidan tun ranar addu'a, kullum sai in ce gobe. Na same ta a tsakar gida, ta rame har ɗankunnenta ya yi mata girma. Muka gaisa, na yi mata ya ƙarin haƙuri, ta ce da godiya. Ba ta tambayi Auta ba, ni ma ban ambace shi ba.

Ta kwance bakin zaninta ta ciro waya. Ta Rediyo ce, wadda aka samu a cikin takalminsa a bakin ruwa, da rigarsa ninke a kai. Ta ce, "'Yar nan, kullum da safe sai abin nan ya yi ƙara. Na sa jikata ta karanta mini, wai makaranta ce ke kiran sa." Na duba. Saƙonni ne jere: ana tunatar da kai ka kammala rajista kafin ranar rufewa. Ana taya ka murna. Ana tunatar da kai.

Na ce ta kashe wayar mana. Ta ce ba za ta iya ba, har caji take sa mata.

"An ce kina zuwa can. Ki gaya musu su daina kiran sa. Ki ce ya gode, ba zai samu zuwa ba."

Na karɓi takardar asibiti da ta ba ni, ban buɗe ba. Da zan fita na ga sabuwar katifa a jingine a zaure, ko ledarta ba a cire ba. Irinta ce a bayan ƙofarmu, rana ɗaya suka sayo.

Litinin, da azahar

Na miƙa wa matar taga ta uku takardar. Ta karanta, ta latsa kwamfuta, ta tsaya. Ta sake latsawa. Na san abin da ta gani: sashe ɗaya, layi ɗaya, lambar gida na bin lambar gida. Ta cire tabarau ta ajiye. Sai yau na ga idonta sosai, ashe ba tsohuwa ba ce.

"Tare suke?"

Na ɗaga kai.

Ta yi salati a hankali. Ta ce daga yau saƙo ba zai ƙara zuwa ba. Na tambaya me ake yi da gurbin. Ta ce akwai sunayen cike gurbi, yaran da suka ci jarrabawa amma wuri bai kai kansu ba, suna nan suna jira. Kafin yamma za a kira wani.

Kafin yamma. Ban san me na zata ba. Wataƙila na zata za a bar wurin ko na kwana bakwai.

Ta ce, "Naku kuma, in ya yarda ya zo, kada ku bi layi. Ku zo da sassafe ta ƙofar baya, ki ƙwanƙwasa, ina nan." Na yi godiya. Har na juya ta ce, "Ke fa, kina cin abinci?" Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, bayan isha

Na karanta masa kan bikin rantsar da sababbin ɗalibai, da rigar da ake ara musu, da hular nan mai igiya.

Laraba, bayan isha

Yau ban karanta komai ba. Na zauna a kan kujerar na buɗe littafi, sai na ga ba zan iya ba. Na tura fayil ɗin ta ƙarƙashin ƙofa na ce, "Auta, ga takardunka. Na gaji. Na yi layin da zan iya, saura yatsa, kuma yatsana ba zai yi ba. In ka ce a bar shi, a bar shi, ba wanda zai ƙara yi maka magana, ko Kawu."

Da na tsaya nan da ya isa. Amma baki ya riga ya buɗe. Na ce, "Kana ganin kai kaɗai ka rasa shi? Ni na goya ku, ku biyun. In na sauke ka in ɗauke shi. Ni na raba ku faɗa a kan ƙwallo, ni yake ce wa Yaya ki ƙara mini. Tunda abin nan ya faru ban samu ranar da zan zauna in yi kukansa ba, ina can ina koyon yunit."

Na yi kukan a nan bakin ƙofa, mai sauti, irin wanda na hana kaina. Umma ba ta fito ba, shi ma bai buɗe ba.

Alhamis, da safe

Fayil ɗin ba ya ƙarƙashin ƙofa. Ko ya ɗauka, ko ya ture shi da ƙafa.

Alhamis, da magariba

Na dawo daga kanti na ji ruwa na zuba a bokiti, da ƙara, ba tsumma. Umma na zaune a ƙofar kicin ta ɗora yatsa a leɓe. Ya daɗe a banɗaki ƙwarai. Da ya fito na ga yadda wuyansa ya yi tsawo. Bai dube mu ba. Ya ce, "Zan je in dangwala. Don a yi difa ɗin kawai." Na ce to, kamar ya ce zai je sayen burodi.

Juma'a, da la'asar

Na kira tasi har bakin ƙofa tun gari bai gama wayewa ba, kafin gidan Inna ya buɗe. Taku kaɗan ne daga zaurenmu zuwa mota, amma ya yi su kai a ƙasa, kafaɗa a karkace, ya ba wa ƙetaren titi baya.

Matar taga ta uku ta cika alkawari. Ta buɗe mana ƙofar baya, ba ta yi masa gaisuwar komai ba, ta ce kawai, "Zauna nan, ɗana. Ɗago kai kaɗan." Aka ɗauki hoto. Wajen dangwalawa na'ura ta ƙi karɓa. Ta sa nata hannun ta danne yatsan a hankali har fitila ta yi kore. Takarda ta fito da lambarsa. Makonnin da na yi a rana, ashe abin da ya rage bai kai a sha kofin shayi ba.

Ta ce maganar difa sai ya rubuta, a kai sashe, a kai tsangaya, zai ɗauki lokaci. Kafin nan ya je ya karɓi makullin ɗakinsa, in ba haka ba yau za a ba wani. Na ce ba sai mun je ba. Shi ya ce mu je.

Hawa na biyu, ƙarshen baranda. Ƙofar a buɗe take. Gado biyu, ɗaya ba komai sai ƙarfe, ɗayan an shimfiɗa masa zanin gado mai furanni. Wani siririn yaro na tsaye a kan kujera yana buga ƙusa. Ya diro yana washe baki, ya gaishe ni har da rusunawa, ya kama hannun Auta da hannu biyu.

"Kai ne abokin ɗakina? Wallahi tun jiya nake jiran ka, ni kaɗai na kwana kamar maye. Ni fa ɗan cike gurbi ne. Na riga na cire rai, har na fara bin babana kasuwa, sai ga kira ranar Litinin da yamma. Wai wani ne bai zo ya karɓi nasa ba. Ka ji mutum, a ba ka lantarki ka ƙi zuwa. Ko ma wane ne, Allah ya saka masa da alheri, mamata har yau addu'a take masa."

Na dubi Auta. Ranar Litinin da yamma. Ni na kai takardar da hannuna.

Auta ya zauna a kan ƙarfen gadon. Na buɗe baki in ce mu tafi, sai ya ce, "Amin."

Yaron bai lura da komai ba, Allah sarki, ina zai lura. Ya jawo wasu takardu a yamutse ya ce shi fa ya makara, bai samu wayar da kai ba, bai gane komai ba, mene ne yunit, wa zai sa masa hannu. Auta ya karɓa ya duba. Da muryar nan tasa da ta dishe ya fara yi masa bayani: na dole daban, na zaɓi daban, mai yunit uku kada ka yi wasa da shi, akwai 'yan kwanakin ƙarawa da saukewa. Yadda na faɗa, bi da bi, har da inda na yi kuskure ya gyara. Ashe yana ji. Na fita baranda na tsaya ina kallon igiyar shanya.

Da ya fito na ce to, mu je ka rubuta takardar difa.

"Yaya, ki kawo mini katifa gobe."

Na ce, "Ka tabbata? Ba wanda ya matsa maka."

"Ba karatun ba ne." Ya kalli ƙasa. "Ba zan iya komawa layinmu ba. Kullum in na buɗe ido ƙofarta nake gani, ko labule a sauke."

Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan, ya zauna a makaranta. An ba ni, na kuma sauko matakala ina share hawaye. Na biya ta taga ta uku in yi godiya, na tarar layi ya kai bayan gini, kowa na ture kowa don yau ake rufewa. Ban tsaya ba.

Juma'a, bayan magariba

Inna na zaune a dakalin ƙofar gidanta sa'ad da na sauka daga mota. Rabonta da zama a waje tun kafin. Ba yadda zan wuce, na tsallaka na durƙusa na gaishe ta.

"Na ga fitarku da asuba ta taga," ta ce. "An karɓe shi?"

"An karɓe shi, Inna."

"Alhamdu lillahi. Can zai kwana?"

"Can zai kwana."

Ta gyaɗa kai. Ta ce wayar ta daina ƙara, ta gode. Na ɗauka an gama, na fara miƙewa. Sai ta riƙo hannuna.

"Ki gaya masa ban riƙe shi da komai ba. Ko a zuci. Ki ce ya yi karatu da kyau." Ta ja numfashi. "Amma 'yar nan, in an yi hutu, ya sauka wajen kawunku. Ba don komai ba. Na ga ya shigo layin nan shi kaɗai sau ɗaya. Ba zan iya gani na biyu ba."

Na ce to, Inna.

Umma na ciki tana ɗaure katifa da igiya, tana tambaya ko ɗakin na da iska, ko yaron da aka haɗa su na da hankali, ko yaushe ne hutun farko don ta fara lissafi. Na ce mata sai ƙarshen samista. Gobe zan kai masa katifa da bokiti da rabin saƙon Inna. Ɗaya rabin ban san ranar da zan kai ba.